"Kama da wane ba ta wane": har da abin da na gani a bango?

Lawali Mai Zane: Assalamu alaikum jama'a. Ni mai zanen allunan shago ne nan Maradi, unguwar Bagalam. Ruwan watan takwas ya jiƙa bangon ɗakina na ƙasa, da ya bushe sai ya bar tabo. Wani dare aka ɗauke kuran, na haska tocila, sai ga wata halitta tsaye jikin bangon: kan kura, dogon wuya irin na raƙumin dawa, ƙafa uku, wutsiya kamar ta tarwaɗa. Gabana ya faɗi. Da na matsa kusa, ashe tabo ne da tsagewar yaɓe. Ban iya barci ba sai da na zana ta a kaye. Da safe na nuna wa kakata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Maigidan, kama da wane ba ta wane." Ba ta ƙara komai ba. Tun ranar maganar ke cina. Nufinta in bar abin, ko me?

Malam Issufu: Wa alaikumus salam Lawali. Maganar tsohuwa a fili take. Ana faɗin wannan karin ne in an kawo ma kaya na jabu, ko in an ga yaro ya ɗauko fuskar ubansa amma bai ɗauko halinsa ba. Wasu ma cewa suke "kama da wane ba wane ba ne", duk abu ɗaya. Tabo tabo ne. Kada ka ɗora masa abin da ba shi da shi.

Rabi ta Tibiri: Malam, a gafarce ni, ban yarda duk abu ɗaya ba ne. "Ba wane ba ne" yanke hukunci ne. "Ba ta wane" kuwa cewa take kama ba ta isa ta tsaya a madadin mutum. Ba ta ce kama banza ce ba. Kuma ni a ganina karin da ya dace da daren Lawali daban ne: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Lawali Mai Zane: Yaya Rabi, ni ban gudu ba ai. Alƙalami na ɗauko.

Mushe Hamisu: Nan ne daɗin maganar yake. Ina koyar da kimiyya a kwaleji, kuma abin da Rabi ta kawo shi ne tushen lamarin. Ƙwaƙwalwa ba ta jiran ido ya gama aikinsa. Da ta ga ɗigo biyu da layi a ƙarƙashinsu sai ta ce fuska, da ta ga abu miƙe a ciyawa sai ta ce maciji. Wanda ya guje wa tsumma bai yi asarar komai ba sai numfashi, wanda ya tsaya tantance kububuwa kuwa yana iya rasa ransa. Shi ya sa muke saurin ganin rai inda babu. A 1976 kumbon Amurka mai suna Viking 1 ya ɗauko hoton duniyar Mars, aka ga wani abu sak fuskar mutum, mutane suka yi ta surutu shekara da shekaru. A 2001 wani kumbon ya sake ɗaukar wurin da kyamara mai kyau, sai ga tsauni ne, inuwa ce ta yi masa ido da baki. A nan karin Malam Issufu ya zauna daram. Amma Leonardo da Vinci, mai zanen Italiya da ya rasu a 1519, ya bar wa masu koyon zane shawara a rubuce cewa su riƙa ƙura wa bango mai tabo ido, da toka, da gajimare, za su ga duwatsu da yaƙi da fuskoki. Ya san sarai bango ne. Da gangan yake barin ido ya yi kuskuren, don hannu ya samu abin yi.

Hajiya Tsahara: Ɗana Hamisu, ba sai mun je Italiya ba. Mu da muka tashi da aci-balbal, wa ya taɓa faɗa muna siffar Dodo? Ana tatsuniya a tsakar gida, inuwar turmi da ta rumbu na rawa a danga, kowane yaro da Dodon da yake haɗawa a ransa. Nawa yana da kunnen jaki, har yau ina ganinsa. Kuma ku ɗaga kai lokacin sanyi: taurarin nan da ke cure wuri guda, kaza da ƴaƴanta muke ce musu. Akwai wanda ya taɓa watsa musu tsaba? Amma sunan ya zauna, da shi muke nuna wa jikoki sama.

Malam Issufu: Hajiya, na karɓi wannan. Abin da ke damuna guda biyu ne. Na farko, a garin nan mutum na ganin inuwa gindin kuka da magariba ya ce ya yi gamo, ya kwanta ciwo, a yi ta kashe kuɗi. Na ga haka da idona a cikin dangi, kuma irin wannan ne tsofaffi ke tarewa da karin nan. Na biyu, zanen mai rai magana ce da malamai suka yi tsanani a kanta. An ruwaito Ibn Abbas ya ce wa wani mai sana'ar sura, in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Lawali ya zauna da malaminsa kan wannan, ba abin wasa ba ne.

Lawali Mai Zane: Na gode Malam, zan je in tambaya, don abin ya tsaya mini a rai. Kan na farkon kuwa, ina ganin da na ɓoye abin a zuciya, da har yanzu ina tsoron ɗakin nan. Zanawar ce ta cire mini tsoro. Da na sa shi a takarda na ga inda tabo ya ƙare, na ga inda ni na ƙara. Ƙafa ta uku ma ni na ja ta, a bangon ɗan ɓurɓushin ƙasa ne.

Baba Ilu Maɗinki: Yaro, shekara 40 ina aikin wuyan riga. Aska takwas da muke ɗinkawa a gaban babbar riga, ka taɓa jin ta yanki wani? Wani ne can da ya dubi tsinin zaren ya ga aska, sunan ya bi shi. Kakarka ba hana ka ta yi ba, da hani ne da ta ce ka yaga. Ni abin da na ji a bakinta, kada ka tsaya kan kwaikwayon tabo, tabo ya riga ka yin kansa. Lanƙwasar wuyan nan da wutsiyar da ka faɗa, in ka cire kai da ido, suna iya zama zanen hula ko na ƙofar zaure, kuma ka huta da maganar da Malam ya tayar.

Lawali Mai Zane: Baba, bayan girbi za a sake yaɓen ɗakin, tabon zai tafi. Na riga na manna takarda na bi layinsa da gawayi, faɗinsa ya kai kamu uku.

Baba Ilu Maɗinki: To naɗo takardar ka kawo mini ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ina da ragowar zaren shuɗi, mu gwada wuyan a kan ƙyalle mu gani.