Wai da gaske akwai ƙwayoyin cuta masu amfani a cikin hanji?

Maman Twins: Salam jama'a, yarona ɗan wata 9 ya gama shan antibayotik sai zawo ya biyo baya, nas ta ce wai maganin ya kashe "masu amfani" na cikinsa. To dama akwai masu amfani ne ko lallaɓa ni kawai ta yi?

Ɗan Sabon Gari: Gaskiya ta faɗa miki Hajiya. Babban mutum na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, yawanci a babban hanji, su ke narka harzar abincin da mu ba ma iya narkawa, har bitamin K suna haɗawa. Jariri kuwa wajen haihuwa yake fara kwasar nasa daga uwa, kuma a nonon uwa akwai wani sukari da shi yaron baya narkawa, abincin wata bakteriya mai amfani ne da ake kira Bifidobacterium, ikon Allah! Sai wajen shekara 3 nasa ke daidaita irin na manya, shi yasa maganin ya fi girgiza na ƙananan yara.

Anti Nas: Don Allah dai kar ki ruga kemis ki ɗora masa Flagyl (shi ma antibayotik ne), wannan ɗabi'ar tamu tana ban haushi wallahi. Ki ci gaba da ba shi nono, ORS da zinc, in kin ga jini a kashin ko zazzaɓi ko ya ƙi shan komai ku koma asibiti.

Baffa: Mu tsofaffi ma namu raguwa suke, ire-irensu kan yi ƙasa da tsufa. Wake, gero, zogale, kindirmo, su nake yi.

Maman Twins: Na gode, Allah ya saka. Baffa kindirmon fa, zan iya ba shi kaɗan?