Mitar keken kishingiɗata ba ta jin tayar gaba

Tela Ɗan Asawase:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ciwon baya ya raba ni da keke shekara biyu, sai ƙanena da ke Jamus ya saka mini keken kishingiɗa a kwantena ta Tema. Irin doguwar nan ce, mutum ya jingina kamar a kujera, ƙafafu a miƙe, ƙaramar tayar gaba can nesa. Tun da na fara hawanta bayan sallar asuba, ciwon bayan ya lafa, alhamdu lillahi.

Damuwata mita ce. Na sayi mara waya a Adum, nan Kumasi, don in riƙa sanin kilomitar da na yi, domin burina in kai tafkin Bosomtwe da ƙafata, tafiyar wajen kilomita 30. Na ɗaura ta a kan keken, daidai ƙirjina, amma sifili take nunawa. In na cire ta na riƙe kusa da taya na juya da hannu, nan take lamba ta fito. Na sa tef ɗin ɗinkina na auna: santimita 112 daga mita zuwa ɗan abin da ke ƙirga juyin taya. Lalatacciya aka sayar mini, ko nisan ne?

Mai Gyaran Waya, Kejetia:
Wa alaikumus salam, Kawu. Lafiyarta ƙalau, nisan ne. Masu sauƙin kuɗin nan yawanci santimita 70 ce iyakarsu, don an yi su ne domin keken tsaye, inda kan keken yake saman taya. Kuma suna so bayan mitar ya fuskanci mai aiko saƙon, wato ɗan abin da ke ƙirga juyin taya. Duba abu biyu kafin ka kashe ko sidi ɗaya: batirin mai aiko saƙon, CR2032 ne, in ya yi sanyi nisan raguwa yake yi, sai maganaɗisun da ke jikin taya, kada ratarsa da mai aiko saƙon ta wuce milimita 5. In kana da fitila mai walƙiya kusa da mitar, matsar da ita, tana rikita irin waɗannan.

Ɗan Magazin, Suame:
Malam Tela, kawo ta Magazin, unguwarmu ta makanikai a Suame. Guntun bututu za mu ɗaure maka da kilam a jikin ƙarfen tsakiya, gaban gwiwoyinka, ba sai an sa wuta a jikin keken ba. Mitar ta sauko kusa da taya, magana ta ƙare.

Hajiya Mai Keke, Nima:
Ɗan'uwa, shawarar Suame za ta yi, sai dai ka tabbata idonka zai karanta lambar daga nan. In ba haka ba, nemi mita mai ANT+ ko Bluetooth, wasu hanyoyin aika saƙo ba waya. Su a kan gigahaz 2.4 suke aiki, nisan mita 3 ba ya gagarar su, mai Bluetooth ɗin har da wayar hannu tana haɗuwa. Amma ka bar mai aiko saƙon a tayar gaba. In ka kai shi baya, jikinka da kujerar za su shiga tsakani, jikin mutum kuwa yana shanye irin wannan saƙon. Sannan kada ka manta girman taya: mitar tana zuwa ne da lissafin babbar taya, taka kuwa inci 20 ce. In ba ka gyara ba, za ta riƙa ƙara maka tafiyar da ba ka yi ba.

Tela Ɗan Asawase:
Allah ya saka muku da alheri. Jiya na je Suame, aka sauko da ita, yanzu santimita 58 ne tsakani. Hajiya, maganarki ta taya ta taimake ni ƙwarai: na shafa alli a taya, na zauna, yarona ya tura ni juyi ɗaya a simintin ƙofar shago, muka auna milimita 1,505, na shigar. Lambar ta ɗan yi mini ƙanƙanta, amma da tabarau ina gani. Yau da asuba daga Asawase zuwa Oforikrom da dawowa ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Wa ya taɓa sauka gangaren Bosomtwe da keke? Ina so in san yadda birki yake jurewa kafin in sa rana.