Masu Hausa a taimaka, kalma biyu sun maƙale min

Salam jama'a. Ƙungiyar unguwarmu a nan Kubwa ta ɗora min fassarar wata 'yar takarda da za a raba ranar Juma'a in an sauko masallaci, maganar dai ana so a ware wa masu keke hanya daga cikin layuka zuwa kasuwa da makarantu har tashar jirgin ƙasa, kuma ana so a tara mutane tukuna kafin a zana komai. Shafi ɗaya ce tal amma tun shekaranjiya nake tsaye a kan abu biyu, "cycle lane" da "community participation".

Na farkon na ɗauka wasa ne, na rubuta hanyar keke na wuce. Da na karanta wa maigadinmu sai ya ce to madalla oga, ashe 'yan Napep za su samu layinsu. Nan jikina ya yi sanyi. A Abuja in ka ce keke babu mai kawo mai taya biyu a ransa, Kanawa sun huta tunda suna da adaidaita sahu, mu nan keke ya zama na mai ƙafa uku tun zamanin Obasanjo.

Na ga amsoshin da kuka turo kan yadda za a fassara su, na gode. Malam da ya kawo basukur, Allah ya ƙara basira, amma rabon da in ji kalmar nan tun a bakin kakana. Laulawa kuma ta fi daɗin faɗa wallahi, sai dai na gwada ta a kan yara uku a ƙofar gida, ɗaya ya ce abinci ne. Ina ga keken hawa za mu sa a layin farko, daga nan in an ce keke an san wanne ake nufi, ai haka muke raba shi da keken ɗinki dama.

Wanda ya ce burtalin keke, yaya ka hana ni barci jiya. Don in ka duba da kyau babu kalmar da ta kai ta dacewa. Burtali ai hanya ce da aka ware tsakanin gonaki, aka yi mata shinge dama da hagu don shanu su wuce ba su taɓa shukar kowa ba, kuma ba mutum ɗaya ke shata ta ba, manomi da makiyayi da mai gari ke zama a yarda. Har ma ƙaddarar da ke cin burtali ita za ta ci hanyar keke, yau wannan ya ƙara kunya ɗaya gobe wancan ya ƙara biyu, nan kuma yau mai shayi ya matso da tebur gobe wani ya faka Sienna ya tafi ofis. Amma ba zan sa ba. Na ɗaya mai keke zai ce an mai da shi saniya, na biyu kowa ya san nauyin kalmar nan yanzu a yankin nan namu, daga Nasarawa har Filato, ba na so takardar keke ta koma musun manoma da makiyaya a bakin masallaci.

Saboda haka ga inda na tsaya, in fenti kawai aka ja a gefen kwalta, layin keke ne. In an raba shi da motoci da kankare ko bishiyoyi, turbar keke. In sun yi yawa sun haɗe da juna, turbobin keke. Wani ya ce yanar keke kamar yanar gizo, a'a don Allah, za a ce data ake sayarwa.

To yanzu babbar, wato "community participation". Wadda na fi so ku tsaya a kai.

Mutum shida cikinku sun ce wayar da kan jama'a, kuma na san dalili, ita muke ji a rediyo kullum. Amma ku saurari kalmar. Wayar da kai na nufin kai kana da haske shi yana duhu, ka zo ka kunna masa. Wato an gama shawara a ofis, an buga taswira, an zo da lasifika da kwalin maltina a faɗa muku. Wannan shi ne ainihin abin da takardar ke cewa kada a yi.

Taron masu ruwa da tsaki ma haka. A garin nan in aka ce masu ruwa da tsaki kowa ya san su waye, masu babbar riga ne a ɗakin taro na otal mai sanyi, kuma zan iya rantsuwa babu wanda ya zo da keke cikinsu. Masu hawa keken gaske suna waje, maigadi, lebura, mai askirim, mai kawo burodi shaguna, yaran Islamiyya.

Tuntuɓa ta fi, jin ra'ayin jama'a ma ya fi, kuma shi majalisa ke amfani da shi. Matsalarsa ana iya jin ra'ayinka a ce mun gode a ninke a sa a durowa. An ji ɗin ai, ba a yi ƙarya ba.

Bari in ba ku abin da ya sa na dage. Ranar Asabar na ɗauki zanen farko da wani ɗanmu injiniya ya yi na kai wa baban da ke gyaran keke ƙarƙashin bishiya a bakin layinmu, yana cikin faci, ya tsoma tub a bahon ruwa yana neman inda ke kumfa. Ya goge hannu a riga ya duba, layi ne miƙaƙƙe tsaf a gefen babban titi. Ya ce yaro wa zai bi nan? Ya sa yatsa mai baƙin mai ya nuna min bayan makarantar firamare, ya ce duk masu kawo min keke ta nan suke yankewa, akwai inuwa babu tirela, amma da damina akwai wani kwazazzabo da ruwa ke cika, sai mutum ya saɓa keken a kafaɗa. Ya ce ku sa kwalbati ɗaya a wurin kun gama rabin aikin. Ba ya cikin taswira ko kaɗan, injiniyan ma bai san da hanyar ba don shi a mota yake wucewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To wannan baban ne za a ce an zo wayar masa da kai?

Kuma Abuja ai ta saba a zana mata daga sama. Babban tsarin birnin na 1979 kamfanonin Amurka suka yi shi, Gbagyi da ke zaune a wurin aka kwashe su, har yau Sabon Wuse na can jihar Neja, Kubwar nan tamu ma asalinta wurin sake tsugunar da mutane ne. Aka shimfiɗa tituna masu faɗi don mota. A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar gari lokacin El-Rufai na minista. Waɗanda suka manyanta za su tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri da ya dage sai 'yan Najeriya sun koma hawa keke, yana kan nasa keken a nan Abuja a 2001 bas ta tura shi kwata. Aka yi ta dariya, amma mutumin ba hanya gare shi ba, a tsakiyar motoci yake.

Holan da ake ta kawo mana misali kuwa, ba wani minista ne ya tashi da safe ya ba su turbobin ba. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a hatsarin titi a ƙasar, yara sama da 400, iyaye suka fito zanga-zanga da taken a daina kashe yara, suna tare tituna, sai ga tsadar mai ta 1973 ta zo ta ƙara. Daga ƙasa abin ya taso. Mu ma tunda aka cire tallafin mai a 2023 ka ga yadda kekuna suka fara fitowa daga sito.

Hajiyar da ta rubuto daga Jos, ke kika raba gardamar, Allah ya saka. Ta ce me ya sa kuke wahala, ba damawa ake cewa ba? Ana damawa da wane, ba a dama da mu ba. Na yi shiru na ɗan lokaci. Don wanda ake damawa da shi hannunsa na kan ludayin, ba jira yake a miƙo masa ƙwarya ba, kuma kishiyarta ma muna da ita a baki, yadda suka dama haka za a sha. Kalmar ta ɗauko duka biyun, ta faɗi abin da ake so ta kuma tuna maka abin da ake gudu.

Akwai malamin makaranta da ya ce ranka ya daɗe ai wannan Hausar kasuwa ce ba ta takarda ba, a sa shigar da al'umma. Malam na ji, kuma in rahoto ne za a kai ofis zan iya sa taka. Amma shigar da mutum kamar kaya ne ake shigarwa, wani ke riƙe da ƙofa. Takardar nan kuma a bakin masallaci da coci da kasuwa za a raba ta. Mai aikin gayya ma na gani, tana da kyau, mu ajiye ta sai ranar da za a fito da shebur a cike kwazazzabon.

Ga yadda kan takardar ya zama: Turbar keken hawa a unguwarmu, zo a dama da kai. A ciki kuma inda Turancin yake na sa damawa da 'yan unguwa.

Matata ta leƙo ta ce da kai kawai, mu fa? Yara mata nawa ke tafiya Islamiyya a ƙasa don iyaye na tsoron titi? Na mayar da shi ku zo a dama da ku. Ta kuma ce in an sa taron bayan magariba kada a yi tsammanin ganin mace ko ɗaya, wannan kuma ba aikin mai fassara ba ne amma na tura wa shugaban ƙungiya. Mai firinta ya ce in kai masa kafin la'asar ta Alhamis in dai akwai wuta.