Wa Ya Cancanci Kujera? Musayar Baituka a kan Fitattun Mutanen Wales

Malam Mai Tawada, Zariya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota alƙalami. Musayarmu ta wannan karon a kan fitattun mutanen Wales ce, ƙasar nan da ke yamma da Ingila, wadda al'ummarta ba su wuce miliyan uku da 'yan kai ba, amma suke da gasar waƙa mai suna Eisteddfod, wadda aka yi irinta tun 1176 a fadar wani basarake a Cardigan, kuma har gobe sha'irin da ya yi zarra a cikinta kujera ake sassaƙa masa. Da a ce kujera ɗaya ce tak a hannunmu, wa za mu ɗora a kai? Ga nawa gwanin.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai raba baiwa ga bayinsa kowa,
Salati ga Manzo ba na mantawa,
Sannan in buɗe zancen kujera.

Akwai makiyayi a Trawsfynydd can,
Ellis Evans, sunan yanka ke nan,
Hedd Wyn yake sa wa waƙarsa sannan,
Tumaki yake kora cikin karkara.

Yaƙin duniya na farko ya taso,
Aka kai shi daga ba don yana so,
Waƙarsa ya aika kafin a iso
Fagen da aka tafka babbar asara.

Yulin 1917 na ƙarewa,
A Beljiyam ajali ya yi kirawa,
Waƙarsa kuwa ta zam mai zarcewa,
Ita alƙalai suka ba nasara.

A Birkenhead aka taru Satumba,
Sau uku ana kira, bai miƙe ba,
Aka ce mai waƙar bai dawo ba,
Da baƙin ƙyalle aka rufe kujera.

Shekara talatin ya yi a duniya,
Ba shi da mulki, ba shi da dukiya,
Harshen iyaye ya riƙa da gaskiya,
Shi na zaɓa, sai ku kawo saura.

Ɗan Autan Mawaƙa, Kano

Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Baitukanka sun taɓa ni ƙwarai, sai dai ina neman afuwa, domin idan aka shiga gidan kallon ƙwallo a Kano ko a Maraɗi aka ambaci Wales, babu wanda zai tuna da wannan makiyayi, ƙafafun da suka sa aka san tutar ƙasar za a tuna.

Baba, ka ba ni aron alƙalami,
In kai ka wajen mazajen fili.

John Charles na Swansea shi ne farko,
Ƙato mai sanyin rai da hankali.

Juventus ta saye shi a 1957,
Daga Leeds ya tashi ya sauya mahalli.

Ba a taɓa korar sa ba, ko gargaɗi
Bai taɓa samu ba a wurin alƙali.

A Kofin Duniya na 1958 Wales ta kai kwata-fainal,
Rauni ya zaunar da shi, ga dalili:

Yaro Pele, ɗan shekara 17,
Ya ci ɗaya tak, ta zame musu ajali.

A Kofin Turai na 2016 suka doke Beljiyam
Uku da ɗaya, abin ya wuce misali.

Robson-Kanu, mai uba ɗan Najeriya,
Juyi ɗaya ya yi, ya rushe tubali.

Shekara 64 ba su ga Kofin Duniya ba,
Sai Gareth Bale ya sauya jadawali.

Kofin Zakarun Turai biyar ya ɗaga,
Ƙwallo 41 ya ci wa ƙasar asali.

A Kyiv ya tashi sama ya yi alkafura,
Liverpool ta kwana cikin wani hali.

Kujera ta wanda ya sa a san ƙasa ce,
Ka ba Bale, Baba, in kai ne adali.

Gwaggon Yara, Katsina

Auta, ɗana, na ji ka, kuma ba zan ce ba ka iya tsara baiti ba. Amma ni da na tsufa a aikin jinya, na ga abin da rashin kuɗin magani yake yi wa gida, ba zan zauna ina kallo a miƙa kujera ga mai buga tamaula ba, alhali a ƙasar nan aka haifi mutumin da ya cire wa talakan Birtaniya fargabar zuwa asibiti.

Auta, ka zauna ka ji ta manya,
Ihun 'yan kallo ba ya jinya,
Ni gwanina shi ne ya share hanya,
Talaka ya ga likita a Birtaniya.

Aneurin Bevan ɗan Tredegar ne,
Ubansa kuwa mahaƙin kwal ne,
Yana ɗan shekara 13 ramin ne
Ya zame masa aji, ya sha wuya.

In'ina gare shi tun yana ƙarami,
Ya yaƙe ta da karatu da neman ilimi,
Har majalisa ta san shi jarumi,
Mai faɗa wa masu mulki gaskiya.

Ƙurar kwal ce ta cinye huhun ubansa,
Ya ga yadda cuta ke yi wa danginsa,
Ya ga asusun da ma'aikatan garinsa
Ke zuba kwabo-kwabo don neman lafiya.

A 1945 kan lafiya ya zama minista,
Ƙungiyar likitoci ta ja daga tata,
Ya bi ta da ciniki har ya shawo kanta,
Asibitoci suka dawo tsari ɗaya.

Ran 5 ga Yulin 1948 ne
Aka buɗe NHS, na kowa da kowa ne,
Attajiri da leburan rami daidai ne,
Ba a tambayar kuɗi kafin jinya.

Kuɗin tabarau da na haƙoran roba
Da aka ƙaƙaba, bai lamunta ba,
A 1951 bai tsaya jira ba,
Ya ajiye muƙami ya kama hanya.

Ka tambayi uwar da ta rungumi yaro,
Zazzaɓi na cin sa, ba ta da ko taro,
Wa za ta zaɓa, ka faɗa ba tsoro,
Mai alkafura ko uban lafiya?

Yayar Marubuta, Kaduna

Gwaggo, ban isa in ja da ke a kan Bevan ba. Abin da nake so a lura da shi kawai shi ne, kwarurrukan kwal na kudancin Wales da tasoshin jiragen ruwan da suke fitar da shi ba 'yan siyasa kaɗai suka haifa ba, sun haifi muryoyin da duniya ta tsaya ta saurara, kuma yawancinsu daga gidajen da ba a cika cin nama ba suka fito.

Ramin da ya haifi Bevan, Gwaggo,
Ya haifi masu murya da tasiri.

Jarumin fim Richard Burton ɗan mahaƙin kwal ne,
Na 12 cikin 'ya'ya 13 a jeri.

Malaminsa ya riƙe shi ya ba shi suna,
Ya goge masa Turanci cikin haƙuri.

Sau bakwai yana takarar Oscar,
Har ya bar duniya tana cikin buri.

Anthony Hopkins na Port Talbot kuwa
Ya ɗauki biyu a hankali, ba sauri:

Ta farko a 1992, ta biyu a 2021,
Yana ɗan 83, da sauran tauri.

Mawaƙi Tom Jones tarin fuka ya kwantar da shi
Shekara biyu, sannan ya zam abin kirari.

Dylan Thomas ya mutu a New York yana 39,
Ya bar waƙoƙin da ake yi wa nazari.

Mawaƙiya Shirley Bassey a Tiger Bay aka haife ta,
Bakin tekun Cardiff, masaukin baƙin gari.

Ubanta ɗan Najeriya, uwa Baturiya,
Daga masana'anta ta fito sarari.

Ko majinyaci in ya warke, Gwaggo,
Zai nemi abin saurare don marmari.

Ni Bassey na zaɓa, 'yar baƙo ce
Da ta sa aka san unguwarsu da alheri.

Baban Ɗalibai, Damagaram

'Yan'uwa, na lura kowa gwaninsa yake wankewa ya shafa masa mai kafin ya kawo shi, alhali ƙasar da ta haifi waɗannan ita ce ta haifi wasu fitattun da aikinsu ya taɓa mutanen da ba su taɓa jin sunan Wales ba, kuma ba taɓawar alheri ba ce. Malam, a ba ni dama in kawo biyu.

Kun bar Lloyd George, ban san dalili ba,
Maraya ne, bai tashi gaban uba ba,
Kawunsa baduku bai yar da shi ba,
A Llanystumdwy ya raine shi da kansa.

Da ya riƙi baitulmali ya yi aiki,
Fanshon tsofaffi ya kawo sauƙi,
A 1916 ya hau kan mulki,
Firaministan Birtaniya mai harshen Wales a bakinsa.

Amma a zamaninsa aka yi alkawari
Na Balfour, wanda ya zam tushen haɗari,
Falasɗinawa har yau suna cikin garari,
Wannan ma a rubuta shi cikin littafinsa.

Ga Stanley na Denbigh, John Rowlands a da,
Gidan marasa galihu ya tashi, an shaida,
Ya ratsa Kwango, harsashi ya zam ƙa'ida,
Ya share wa Sarki Leopold na Beljiyam hanyarsa.

Mutum-mutuminsa na nan a garinsu,
An sha muhawara a tsakaninsu,
A 2021 suka kaɗa ƙuri'arsu,
Mafi yawa suka ce a bar shi wurinsa.

Don haka, Malam, kafin a ba da kujera,
A ji ta bakin wanda aka yi wa asara,
Stanley dai ko kusa ba na ba da shawara,
Lloyd George rabi na ba shi, rabi na hana masa.

Ɗan Autan Mawaƙa, Kano

Gwaggo, na rusuna, amma ba kowane ɗan wasa ne ihu kaɗai ya bar wa jama'a ba.

Tanni Grey-Thompson 'yar Cardiff ce,
A keken guragu ta yi tsere a fili.

Zinare 11 ta ci a Olamfik ta nakasassu,
Gudun Landan sau shida ta zo awwali.

Tun 2010 tana Majalisar Dattawa,
Tana kare haƙƙin masu irin wannan hali.

Malam Mai Tawada, Zariya

Madalla da ku baki ɗaya, Allah ya yi albarka. 'Yata ta Kaduna, abin da na lura da shi a baitukanki shi ne, duk waɗanda kika lissafa da Turanci suka yi suna, har Burton da ya tashi da harshen Wales a bakinsa; ga shi kuma a ƙidayar 2021 mutum 538,300 ne kawai, wato kashi 17.8 cikin ɗari, suka ce suna iya magana da harshen. Kafin in yanke hukunci, tilas ne a ambaci waɗanda suka hana shi mutuwa.

William Morgan limamin coci ne,
Fassarar Baibul ta 1588 aikinsa ne,
Harshen da doka ta ture gefe ne
Ya samu littafi, ya samu madogara.

Yara a makarantu an sha rataya musu
Katako a wuya don sun yi harshensu,
Masu riƙe shi da yamma bulala ce rabonsu,
A ƙarni na 19 aka yi wannan kyara.

Ƙauyen Capel Celyn ruwa ya shanye,
Don Liverpool ta sha aka zo aka mamaye,
Aka tashi yara, aka tashi iyaye,
A 1965 dam ya cika, ba gyara.

A 1966 Gwynfor Evans ya ci zaɓe,
Wakilcin Carmarthen gare shi aka keɓe,
Jam'iyyar Plaid Cymru ta daina zaman raɓe-raɓe,
A majalisar Landan da shi ta fara.

A 1979 gwamnati ta saɓa alkawari
Na tashar talabijin da harshen gari,
Ya ce zai daina ci har ya shiga kabari,
A 1982 tashar S4C ta buɗe, ya yi nasara.

Ga hukunci: Bevan ya ceci jiki,
Waɗannan sun tsare harshe a baki,
Gwaggo ta fi mu hujja, ba mamaki,
A ba Bevan, Gwynfor ya ja saura.

Gwaggon Yara, Katsina

Malam, na gode da hukunci, Allah ya ƙara basira. Sai dai ban ajiye alƙalami ba tukuna, domin mun yi ta lissafa maza har muka gaji, mata biyu kacal aka ambata, kuma aka tsallake wadda ta yi aikinta a gaban allo, inda babu 'yan kallo kuma babu tafi.

Na karɓa, Malam, amma da ƙorafi ɗaya,
An bar malamar da ta sha gwagwarmaya,
Betty Campbell, baƙar fata, marainiya,
A Butetown ta tashi cikin wuya.

Ta ce wa malamarta tana son koyarwa,
Aka ce irinta ba ta da hanyar kaiwa,
Ta yi kuka a aji, ta ƙi janyewa,
Tana da 'ya'ya ta shiga kwaleji daga baya.

A Mount Stuart ta zam shugabar makaranta,
Baƙar fata ta farko a Wales, babu kafinta,
Tarihin bauta da na Afirka ta sa a karanta,
Da na mulkin wariya, ba ɓoye gaskiya.

Mandela da ya zo Cardiff ya gana da ita,
A 2017 ajali ya riske ta,
Jama'a suka zaɓe ta aka ƙera siffarta,
A 2021, a dandalin tsakiya.

Auta, kai mai alfahari da sanin wasa,
Jess Fishlock ta kai matan Wales gasa,
Ta Turai a 2025, ba ka taɓo ta ba ko kusa,
Ka ɗauko alƙalami ka biya ta diyya.