Birki da shokazoba a keken dutse mai batir: abin da aka ce a fada

Daren Asabar a fadarmu ta unguwar Harobanda a Yamai, shayi ya kai zagaye na uku ana gardama kan kekunan dutse masu batir. Ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda a fara da birki. Keken yakan haura kilo 20, ga gudu, don haka ƙaramin birki yakan yi zafi ya saki a gangara. Shawarar ita ce birki mai fistan huɗu da faifan birki mai faɗin milimita 200 ko 203, musamman a gaba. Takalmin birki kuwa na ƙarfe ya fi jure yashi da zafinmu, ko da yake yana da ƙara. In sabo ne, a taka shi kamar sau 20 a fili kafin a nufi tudu. Wani dattijo makanike ya ja kunne kan man birki: birkin kamfanin Shimano man mineral yake sha, wasu kuma man da ake kira DOT. Ka haɗa su, robobin ciki sun lalace. A duba abin da aka rubuta a murfin ma'ajin man.

Kan shokazoba aka fi musu. Masu son sayen sabuwa sun sha kaye, ni ma ina ganin saiti ya fi. Ka hau da kayanka, ta baya ta nutse kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na iyakar nutsewarta, ta gaba 15 zuwa 20. Da famfonta na musamman ake ba ta iska, ba na taya ba.

Ƙurar hunturu fa? A goge sandunan shokazoba da tsumma bayan kowace fita.