Muhawara: Da gaske SSX danne-danne ne kawai, babu ƙwarewa a ciki?

Mai Nintendo: Jama'a, ra'ayina shi ne, cikin wasannin bidiyo na zamiya da allo a kan dusar ƙanƙara, SSX ne ya fi arhar nasara. Ka danna duk abin da yatsa ya samu, ɗan wasanka ya yi ta alkafura a sama, ya dira lafiya lau. Ku gwada 1080° Snowboarding na Nintendo 64, wanda ya fito a 1998. Can sai ka daidaita allon da gangaren da za ka dira a kai, ka danna maɓallin Z daidai lokacin taɓa ƙasa. In hancin allon ya riga sauka, ka sha ƙasa, ma'aunin rauni ya ƙaru. Ya cika, an fitar da kai daga tseren.

Yayan Tricky: Malam, dirar 1080° akwai wuya, wannan ba musu. Amma ina ka baro shirin tsalle? A SSX Tricky na 2001 aikin tun a ƙasa yake farawa. Za ka riƙe maɓallin X na PlayStation 2 ka tsuguna, ka danne kibiyar ɓangaren da kake son juyawa, sannan ka saki X a bakin tudu. Ka saki da wuri, tsallen ba tsawo. Ka makara, tudun ya wuce ka. Wanda bai ɗaura juyin tun yana tsugune ba, a hankali zai juya, ƙasa ta tarye shi a karkace. Haka in ka kama allon a sama da maɓallin L1 ko R2, dole ka saki kafin dira, in ba haka ba faɗuwa ce.

Hajiyar Gem: Ƙari a kan maganar Yaya, ku duba ma'aunin ƙarin gudu. Salo ne ke cika shi, faɗuwa ta zubar. Maimaita salo ɗaya kuma rage maki yake, don haka mai danne-danne ba ya nisa. Sai ma'aunin ya cika ake samun damar Uber, wato babban salo na musamman, kowane Uber ya kunna harafi ɗaya na TRICKY. Shida suka cika, ƙarin gudu ba ya yankewa har ƙarshen tseren. Lissafin ke nan: ka ƙona ma'aunin yanzu ka wuce abokin tsere, ko ka adana shi har babban tudu? Wannan ai ba aikin ka-ci-ɓulus ba ne.

Mai Nintendo: Hajiya, lissafin maki ne wannan, ba sarrafa allo ba. A Steep na Ubisoft, 2016, mummunar dira tana cika ma'aunin bugun jiki har ɗan wasa ya sume. Ga Shredders na 2022, inda sanduna biyun na'urar sarrafa wasan ke juya jiki da allo.

Ɗan Tsauni: To ai abu biyu kuke aunawa da mudu ɗaya. 1080° da Shredders suna gwada hannu a daƙiƙar dira. SSX yana gwada sanin hanya. SSX 3 na 2003 dutse ɗaya ne mai ƙololuwa uku, kuma saukowa daga sama har gindinsa na cin kusan rabin awa. Wanda bai haddace ɓoyayyun hanyoyi da ƙarafan da ake bi ta kansu ba, ba zai kafa lokacin kirki ba. Inda na bi bayanka, Malam, wasan yakan ɗan miƙe maka allo in karkatar ba ta yi yawa ba.

Hajiyar Gem: Wannan taimakon ma Riders Republic na 2021 ya mayar da shi zaɓi. Ka bar wa wasan ya miƙe ka, ko ka miƙe da hannunka a ƙara maka maki.

Mai Nintendo: Ni dai da hannu zan dira. Yaya, cikin SSX akwai wanda ake kashe taimakon gaba ɗaya?