Yaya ake gina mugun da zai sa tsigar jiki ta tashi a shirin 'yan sanda?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Shirin 'yan sanda ne mai dogon zango, kashi ɗaya minti 45, a cikin Kano za a ɗauka, kuɗin kuma ba yawa. Ɗan daba mai jan ido da gora ya gundure masu kallo. Me ake yi mugun ya ba da tsoro na gaske?

Marubuci: Wa alaikumus salam, Malam. Fara cire masa tsawa da dariyar ƙeta. Mai ladabi za ka yi, wanda zai russuna ya ce wa DPO "ranka ya daɗe, an zo lafiya?" har ya kawo ruwa. Sai ka ba shi ɗabi'a ɗaya tak. Misali, duk gidan da ya yi ɓarna sai ya jera takalman ƙofar ɗaki reras. Nuna takalman a minti biyar na farko, ka sake a tsakiya, kada kowa ya yi magana a kansu. A karo na uku, ɗan sanda ya fito daga masallaci ya tarar da shi durƙushe yana jera na jama'a. Inda ake ɓatawa shi ne a sa shi ya zauna yana zayyana dalilinsa. Da ya yi bayani tsoron ya gudu.

Mai ɗaukar hoto: Fitila ɗaya a gefen mugun, ƙasa da ido kaɗan, rabin fuska a inuwa. Gilashin kyamara mai ɗaukar faɗi (24mm) dab da fuska yana kumbura hanci da goshi, amma sau ɗaya ko biyu ya isa. A ɗauka a firam 25 (hoto 25 a daƙiƙa), shata 1/50 (tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗewa ga kowane hoto), don wutar lantarkinmu 50Hz ce, in ba haka ba hoton zai riƙa ƙyaftawa. Kada duhun ya yi yawa, galibi a waya ake kallo, YouTube kuma yana dagula baƙin launi.

Mai haɗa sauti: Gaskiya ne, Malam. Ƙari a kai: idan mugun ya shigo, a yanke kiɗa gaba ɗaya, a bar takunsa da numfashi. Hakan na buƙatar sauti mai tsabta, don haka a kai janareta nesa da doguwar waya, a guji lungun da adaidaita sahu ke bi. A naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya don cike giɓi wajen tacewa. Gurnanin ƙasa-ƙasa kuwa sifikar waya ba ta fitar da shi.

Furodusa: A rage jini, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano za ta duba aikin. Kakin 'yan sanda ma a nemi izinin rundunar kafin ranar ɗauka.